Yadda za ka sabunta lasisin tuƙinka da ya mutu in ka dawo Kaduna daga waje

Jama'a assalamu alaikum. Wannan bayanin na 'yan uwanmu ne da suka yi shekaru a waje, karatu ne ko aiki ko zaman aure, Saudiyya ko Malesiya ko Masar ko Ingila ko ma ina ne, suka dawo gida Kaduna suka zaro tsohon lasisin tuƙi daga walat sai suka ga ashe ya mutu tun tuni. Abun da nake so ka riƙe tun kafin mu shiga bayani shine wannan aikin da ƙafarka za ka yi shi, kai da kanka, domin da zarar an ji daga waje ka dawo sai ka ga masu taimako sun yi yawa, wannan ya ce ka turo hoto ta WhatsApp da dubu kaza gobe da yamma a kawo maka kati har gida, wancan ya ce yana da mutum a ciki. Wallahi da yawan katunan da ake kawowa ta wannan hanyar roba ce kawai mai hotonka, babu sunanka a rumbun bayanan hukuma, kuma ba za ka gane ba sai ranar da aka tsayar da kai a hanyar Zariya ko ta Abuja aka buga lambar aka ga wayam, ko ranar da wani ofishin jakadanci ya nemi a tantance katin. A ranar wanda ya karɓi kuɗinka ba ya wajen, kai ne riƙe da takardar bogi a hannu.

Toh bari mu bi abun daki daki. Ina cewa "kai" ne saboda sauƙin rubutu amma har da ke 'yar uwa, akwai ma inda zan yi magana da mata kai tsaye.

Fara da tsohon katin

Ɗauko shi ka duba da kyau a wajen haske. Abubuwa huɗu kake nema, lambar lasisin wadda ta fara da haruffa uku sannan lambobi suka biyo, ajin lasisin, ranar da aka bayar, da yadda aka rubuta sunanka da ranar haihuwarka. Ajin yawancinmu masu motar gida B ne, A na babur ne, manyan motoci da na haya kuma nasu daban. Za ka lura ranar mutuwar katin ta zo daidai da ranar haihuwarka, haka tsarin yake.

Ranar da aka bayar ɗin ce ta fi muhimmanci. A 2011 ne aka ƙaddamar da sabon tsarin lasisi na Najeriya, zamanin shugaba Goodluck Jonathan, lokacin Osita Chidoka ne shugaban hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa FRSC, wato 'yan rod sefti. Daga lokacin ne aka fara ɗaukar hoto da zanen yatsu ana tarawa waje guda. In katinka na wannan tsarin ne, kuma da kanka ka je aka ɗauki yatsunka a wancan lokacin, toh bayananka na nan ko shekara nawa ka yi a waje, sabuntawa kawai za ka yi. In kuwa irin tsohon nan ne na kafin 2011, wanda aka daina aiki da shi, kar ka ɓata lokacinka wajen neman sabuntawa, sabo fil za ka nema, ka bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita su ba ka satifiket mai lamba, a gwada ka, sannan a ɗauki bayananka. Na san da ciwo mutumin da ya yi shekara 20 yana tuƙi a Jidda ko Landan a ce masa ya koma makarantar koyon mota, amma lambar satifiket ɗin ce ke buɗe fom ɗin sabon lasisi, babu ita ba a wucewa.

In katin ya ɓace gaba ɗaya a wajen ƙaura, ka bincika tsofaffin hotunan wayarka da imel, da yawa mun taɓa ɗaukar hotonsa muka tura wa banki ko wajen aiki. Lambar kawai kake buƙata. In babu ko ina sai ka je cibiyar lasisi da sunanka da ranar haihuwa su duba maka, ka tafi da takardar rahoton ɓata daga 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu domin su ake nema a maganar katin da ya ɓace.

Layin waya da NIN, nan ne aikin yake

Gaskiya nan zan fi daɗewa domin nan ne mutanen da suka dawo daga waje suke maƙalewa, ba a wajen lasisin kansa ba. Tun ƙarshen 2020 hukumar FRSC ta wajabta lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ga duk mai neman lasisi ko sabuntawa. Wanda ya bar ƙasar kafin lokacin zai iya yiwuwa bai taɓa yin NIN ba, ko ya yi amma ya manta lambar, ko ya yi a can waje lokacin da ya je sabunta fasfo domin shi ma fasfo yanzu ba a yi sai da ita. In ka sabunta fasfonka a 'yan shekarun nan toh kana da NIN, nemo ta kawai. In layin da ka yi rajista da shi yana hannunka danna *346# za ta fito, za su cire ɗan kuɗi kaɗan a katin wayarka.

Matsalar itace layin. Layin da aka daɗe ba a kira ba a sa kati ba kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, kaga wanda ya yi shekara 4 a Kuala Lumpur ya dawo ya sa tsohon sim ɗinsa zai tarar ba sabis, in ya kira lambar ma wani bawan Allah ne zai ɗauka. Kuma wannan tsohon layin shine a jikin bayanan lasisinka da na NIN da na banki. Don haka kafin komai ka mallaki layi mai aiki da sunanka, a haɗa shi da NIN ɗinka, ba layin ƙaninka ko na matarka ba, saboda saƙon cewa katinka ya fito ta nan zai zo, kuma duk wata lambar sirri da za a turo ta nan za ta biyo.

Sai kuma suna. Ɗauko takardar NIN ɗinka ka ajiye kusa da tsohon lasisin ka karanta harafi bayan harafi. Mu Hausawa wannan abun yana damunmu sosai, a lasisi Mohammed a NIN Muhammad, a wannan Abdullahi ne sunan mahaifi a wancan an mayar da shi sunan tsakiya an sa sunan gari ko na unguwa a ƙarshe, wani a makarantar waje aka juya masa sunan ya bi yadda suka rubuta, ranar haihuwa kuma a ɗaya 1 ga Janairu ce da aka ƙiyasta lokacin firamare a ɗaya kuma ta gaskiya ce. Mata kuma wata ta yi lasisi da sunan mahaifinta tana budurwa ta yi NIN da sunan miji. Kwamfuta ba ta san duk kai ɗaya ba ne, in suna ko ranar haihuwa suka saɓa sai ta ƙi wucewa, ka zauna kana dannawa kana cewa netwok ne alhali ba netwok ba ne.

In ka ga saɓani ka tsaya ka yanke shawarar wanne ne daidai. Shawarata ka bi abun da ke jikin fasfonka da NIN in su biyun sun dace, a gyara na lasisin ya koma irinsu, domin fasfon shine kake yawo da shi a duniya, takardun karatunka da na aikinka na waje duk da shi suke. Gyaran bayanan lasisi a cibiya ake yi gaban jami'in hukuma, ka je da hujja, takardar haihuwa ko ta shekaru, takardar rantsuwa, ta aure in canjin sunan aure ne. In kuma NIN ɗin ce ke da kuskure toh wannan aikin hukumar NIMC mai ba da NIN ne, suna da shafin gyara na intanet kuma ana biyan kuɗi, gyaran ranar haihuwa ya fi tsada ya fi ɗaukar lokaci. Dan Allah kar ka biya kuɗin lasisi kafin ka gama wannan, mutane na biya sannan su dawo suna zarya da rasit a hannu wata da watanni.

Ka leƙa asusun bankinka ma, wanda aka daɗe ba a taɓa ba yana yin barci kuma katin ATM ɗin ƙila ya mutu shi ma. In bai farfaɗo ba ba komai, ana iya biya a banki da kuɗi a hannu.

Cike fom

Shafin hukuma shine nigeriadriverslicence.frsc.gov.ng, ka rubuta shi da hannunka ka tabbatar ya ƙare da gov.ng, kar ka bi wani link da aka turo a guruf. Da waya ma ana yi amma ya fi daɗi a kwamfuta, in ba ka da ita ka shiga kafe ka zauna kusa da yaron yana cikewa kana gani, kar ka miƙa masa kati ka tafi sallah ka dawo. Ka zaɓi wajen sabuntawa, ba wajen sabon lasisi ba, ka sa lambar lasisinka da ranar haihuwa. Wannan matakin shi kansa gwaji ne, in bayananka suka fito da sunanka toh katinka na gaskiya ne alhamdulillah. In aka ce ba a samu ba bayan ka tabbatar ba ka yi kuskuren lamba ba, kar ka rikita sifili da harafin O, toh akwai yiwuwar tun asali katin da aka yi maka ba ya cikin tsarin, kuma wannan ya faru da mutane masu mutunci da yawa da suka ba wani ya yi musu kafin su yi tafiya. Ba abun ɓoyewa ba ne, ka je cibiya su duba, in babu sai ka nemi sabo ta hanyar da na faɗa a sama, shi kuma wancan katin ka daina yawo da shi.

In sun fito sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sabon layinka, imel mai aiki, adireshin da kake zaune yanzu, in da can Tudun Wada kake yanzu ka koma Malali ko Millennium City ka canza, lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, wannan mutane na tsallake shi alhali wanda ka sa shekarun baya ƙila ya rasu ko ya canza layi, kuma shine za a nema in Allah ya kiyaye aka yi haɗari. Rukunin jini ma ka duba domin yana jikin katin, in da can cikewa kawai aka yi da ka toh ka je asibiti ko lab a gwada ka sa na gaskiya.

Za a ce ka zaɓi jiha da cibiyar da za ka je. Ko a Legas ko Kano ka yi na farko kana iya zaɓar Kaduna yanzu, lasisin na ƙasa ne gaba ɗaya. Ka zaɓi inda ya fi maka kusa domin inda ka zaɓa nan katin zai sauka, akwai cibiyoyi a cikin garin Kaduna akwai Zariya akwai Kafanchan, jerin yana cikin shafin.

Akwai wani zaɓi da zai tambaye ka ko kana son a sake ɗaukar hotonka da yatsunka ko a yi amfani da na da. Tsallakewar tana da sauƙi kuma halal ce a tsarin, amma ni ga wanda ya daɗe a waje ina ganin gara a sake ɗauka. Hoton da ke jikin katin na saurayi ne ɗan shekara 22 ba gemu, yanzu ga ka da gemu da furfura da tabarau, kuma wannan katin ba na tuƙi kaɗai ba ne, da shi za ka shiga banki da shi za ka hau jirgin ƙasa a Rigasa da shi za ka nuna kanka a shingen jami'an tsaro. In ma ka canza wani bayani kamar suna toh dole ne ka bayyana da kanka.

Kuɗi

Shekara 3 ko shekara 5 ake yi. Daga 8 ga Yuni 2025 hukumar haɗin gwiwa ta haraji ta ƙasa ta mayar da na mota naira 15,000 na shekara 3, naira 21,000 na shekara 5, na babur da keke napep kuma 7,000 da 11,000. Akwai ɗan cajin banki a kai. Wanda ya tafi lokacin ana biyan dubu shida da 'yan kai zai ji abun ya yi tsalle, amma ka gwada da abun da 'yan kamasho ke karɓa za ka ga na hukuma ne mai sauƙin. Ka ɗauki na shekara 5 in da hali, musamman in akwai yiwuwar ka sake komawa waje. Adadin da shafin ya nuna maka ranar da za ka biya shine abun biya, ta katin ATM a nan take ko ka fitar da takardar ka kai banki. Ba a tura kuɗin lasisi asusun wani mutum, ko da kaki a jikinsa. In wani ya ce maka sai ka biya tarar shekarun da katin ya yi a mace, ka ce masa cikin ladabi ranka ya daɗe a rubuta min a ba ni rasit na gwamnati in je in biya, daga nan za ka gane ko maganar tana da tushe.

Ka yi firintin fom ɗin da shaidar biya, kwafi biyu biyu, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Lambar da ke saman fom ɗin ka rubuta ta a wani waje daban, da ita za ka riƙa bibiya.

Ranar zuwa cibiya

Lasisi a Najeriya hukumomi uku ne ke haɗuwa a kansa, shi ya sa za ka ga ana tura ka daga wannan tebur zuwa wancan, ba wulaƙanci ba ne tsarin ne haka. Akwai hukumar tara haraji ta jiha, a nan KADIRS, su ne masu tabbatar da kuɗinka ya shiga kuma ta hannunsu katin ke fitowa. Akwai masu duba cancantar direba, aikin da ake ce wa na VIO a sauran jihohi, a Kaduna kuwa tun zamanin gwamna Nasiru El-Rufai aka rushe tsohuwar VIO aikin ya koma hannun KASTLEA, 'yan kasteliya da kake gani a kan titi. Sai FRSC masu ɗaukar hoto da yatsu da buga katin. Ka tafi da tsohon lasisin da fotokwafinsa, takardar NIN, fom da rasit, fasfonka, da lasisin ƙasar da ka zauna in kana da shi domin yana nuna ba ka bar tuƙi ba, amma nunawa kawai za ka yi ka mayar aljihu, kar ka bar wa kowa shi.

Ka je da sassafe, tsakiyar mako ya fi, Litinin cunkoso, Juma'a kuma ka san ma'aikatan jihar Kaduna kwana 4 suke zuwa ofis tun ƙarshen 2021 don haka kar ka dogara da ita. Tun daga bakin get za a tare ka, Alhaji me za a yi, Hajiya kawo in taimaka miki, ka yi sallama ka ce na gode na riga na cike ka wuce ciki ka tambayi mai kaki ko wanda ke zaune a tebur. In ka zo da mota gara wani mai lasisi ya tuƙo ka, bai dace ka zo sabunta mataccen lasisi kana tuƙi da shi ba, kuma tarar tuƙi ba ingantaccen lasisi a jadawalin rod sefti naira 10,000 ce, ban da ɓata lokaci da riƙe mota.

Akwai gwajin ido. Dan Allah kar ka nemi a tsallake maka shi, in kana sa tabarau ka zo da shi ka kuma faɗa a rubuta. Mutum na iya shekara yana tuƙi a titunan waje masu fitilu tar bai san idonsa ya ragu ba sai ya hau bayfas ɗin Nnamdi Azikiwe da daddare tirela ta haske shi. Ana iya yi maka 'yan tambayoyin alamomin hanya ko a ce a ga tuƙinka tunda katin ya daɗe da mutuwa, in an ce haka ka yi kawai, ba abun tsoro ba ne ga wanda ya iya.

Sai ɗakin ɗaukar hoto. Za ka zauna gaban kyamara, ka cire hula da tabarau in an ce ka cire, ka sa hannu a wani ɗan allo, sannan ka ɗora yatsu a kan gilashin na'ura mai haske. Lokacin hunturu yatsu na bushewa su yi fari fat na'urar ta ƙi karantawa, jami'in ya yi ta cewa danna, ɗaga, sake ɗorawa, layi na bayanka na tsaki, maganinsa ka ɗan murza yatsun a goshinka ko ka shafa mai kaɗan tun a gida ba wanda zai yi naso ba. 'Yan uwa mata, wadda ta dawo gida ana ta bukukuwa an sha lalle, ki bari ya goge daga kan yatsu kafin ki je domin lalle mai kauri na hana zanen fitowa, za a iya ce miki ki dawo wani mako. Hijabi ba matsala, fuska dai ta fito sosai daga goshi zuwa haɓa. Kafin jami'in ya tura, ka roƙe shi ya juyo maka allon ka karanta sunanka da ranar haihuwa da ajin lasisin da idonka, yallaɓai dan Allah in ɗan duba, minti ɗaya ne, in kati ya fito da kuskure gyaransa sabon aiki ne da sabon kuɗi.

Na wucin gadi da jira

Bayan an gama ana ba da lasisin wucin gadi mai kwana 60, da shi za ka riƙa tuƙi har na dindindin ya fito. A 2025 shugaban hukumar FRSC Shehu Mohammed ya sanar da sabon tsarin ɗaukar yatsu ba tare da taɓa na'ura ba da nufin a rage jira a daina dogaro da na wucin gadi, domin an sha fama da tarin katunan da ba a buga ba. Duk tsarin da ka tarar a cibiyarka, kar ka fita sai da shaida a hannunka kuma ka tambayi inda za ka karɓi katin. In kwana 60 suka kusa cika bai fito ba ka koma cibiyar tun kafin ya mutu su sabunta maka ko su buga hatimi, kar ka tsaya sai an tare ka a Kawo kana bayani.

A wannan tsakanin ne nake so ka kula da hannunka a kan sitiyari, musamman wanda ya zauna Ingila ko Malesiya ko Indiya ko Uganda ko Saifurus inda ake tuƙi ta hagu. Najeriya ta koma dama tun 1972, kowa ya san haka a kai, amma hannu da ido sun saba da wani abu daban, kuma ba a kan babban titi ake rikicewa ba, a shataletale ne da lokacin da ka fito daga layi da asuba titi ba kowa, sai ka tsinci kanka a hannun da ba naka ba. Kwanakin farko ka sa wani a gefenka. Garin ma ya canza, wanda ya tafi kafin 2019 zai tarar da sabuwar gadar Kawo, da hanyar ƙarƙashin ƙasa a inda shataletalen Leventis yake, tituna da yawa an raba su biyu an sa danja, inda ka saba karya kwana da can yanzu wanwe ne kuma 'yan kasteliya ba sa wasa da shi. Masu keke napep da babura kuma ta ko ina suke ɓullowa, madubin gefe ya zama abokinka.

Lasisin waje kuma, ko da ka haɗa shi da takardar nan ta tuƙi ta ƙasa da ƙasa, na mai ziyara ne, ita takardar ma ba lasisi ba ce mai zaman kanta, rakiya take yi wa na ƙasar da ta bayar. Wanda ya dawo zama na Najeriya ake so ya riƙe. Amma ka adana na wajen da kyau, in da hanyar sabunta shi ka sabunta, wanda ya san wahalar da ya sha kafin ya ci jarrabawar tuƙi a Dubai ko Ingila ba zai so ya sake ta ba.

Motar da ka bari a gida an rufe da tamfol ita ma takardunta sun mutu tare da lasisin. Inshorar nan ta dole ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023, ita ma ana yin ta bogi sosai, ka duba lambar motarka a askniid.org ka gani ko tana ciki. Tayoyi ma ka duba shekarunsu, tayar da ta yi shekaru a tsaye a rana ko zanenta bai cinye ba ta bushe.

Karɓar katin

Saƙo zai shigo layinka, amma kar ka dogara da shi kaɗai, ka riƙa shiga shafin kana duba matsayin takardarka da lambar nan da ka ajiye, domin katunan mutane da yawa na kwance a ofisoshi ba a zo an karɓa ba, wasu saƙon ya tafi tsohon layi ne. Ka je da kanka da na wucin gadin, za a karɓe shi ka sa hannu a rajista a miƙo maka naka. Kafin ka bar wajen ka duba suna, hoto, aji, rukunin jini da ranar mutuwa, in da kuskure ka faɗa a nan take. Ka ɗauki hoton gaba da baya ka tura wa kanka ta imel, sannan ka sa tuni a wayarka wata guda kafin ranar haihuwarka ta shekarar da zai mutu, domin daga lokacin ake iya fara sabuntawa, in kuma tafiya za ta kama ka kafin nan ka bar layin Najeriyar yana aiki, kana sa masa kati kana ɗan kira da shi lokaci lokaci don kar a sake karɓe shi.